Tambaya da Amsa: Ƙaya ta mamaye min filin ciyawa, ya zan yi da ita?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon saƙonnin da suka fi yawa duk kukan abu ɗaya suke yi, wato baƙuwar ciyawa da take kutsowa cikin ciyawar ado da mutum ya sha wahala ya shuka a gidansa. Na tsamo guda shida waɗanda nake ganin sun wakilci sauran, wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri ya duba da kyau, wataƙila amsarsa tana cikin ta wani.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Shekara biyu kenan da na shuka ciyawar ado a bayan gidana, da farko abin gwanin sha'awa kamar an shimfiɗa darduma, to bara sai na ga wata ciyawa mai faɗin ganye da ƙayoyi a bakin ganyen ta fito guda uku ko huɗu, na ɗauko fartanya na sassare su na kaftu wurin sosai, bana kuma wallahi sun fi talatin kuma duk a wuri ɗaya suka taru, yara ma sun daina wasa a wajen. Wani ya ce min tisil ake ce mata. Me na yi ba daidai ba? Daga Baban Yara.

AMSA: Wa alaikumus salam Baban Yara. Gaskiya kaftun nan da ka yi shi ne ya jawo maka, amma kar ka ga laifin kanka don kusan kowa haka yake fara yi. Ita wannan ciyawar da ake kira tisil ba iri ɗaya ba ce, kuma kafin ka ɗauki kowane mataki sai ka san wacce kake fama da ita, don maganin ɗaya shi ne abincin ɗayar.

Akwai mai saiwa ɗaya doguwa da ta nutsa ƙasa a miƙe. Wannan shekara biyu kacal take rayuwa. A shekarar farko ganyenta yake kwanciya a ƙasa ya yi da'ira kamar faifai, shi ya sa injin aske ciyawa yake wucewa ta kanta bai taɓa ta ba, a shekara ta biyu sai ta miƙa kara ta yi fure mai ruwan shunayya ta zubar da iri ta mutu. Ita wannan mai sauƙi ce. Ka bari a yi ruwa ko ka jiƙa wurin da kyau tun dare, da safe ka sa safar hannu mai kauri ka ɗauko doguwar wuƙa ko siririn dagi ka soka a gefenta ka yanke saiwar kamar santimita 5 zuwa 10 a ƙarƙashin ƙasa, ka zaro ta, shikenan ta tafi.

Amma taka, daga yadda ka ce guda huɗu sun koma talatin kuma a wuri ɗaya, ina kyautata zaton ɗayar ce, mai saiwa da take rarrafe a kwance a ƙarƙashin ƙasa. Wannan ba ta mutuwa bayan shekara biyu, kuma saiwarta tana iya tafiya mitoci a kwance tana fitar da sabbin kawuna a hanya, har ma za ka ga mutum yana ƙirga tsiro talatin alhali a ƙasa duk uwa ɗaya ce ta haife su kuma har yanzu a haɗe suke. Abin haushin shi ne guntun saiwar da bai kai tsawon ɗan yatsa ba yana iya zama sabon tsiro. To ka ga da ka sa fartanya ka daddatse ta ai dashe ka yi mata kyauta. A Amurka ma tisil ɗin Kanada suke ce mata duk da ba daga Kanada ta fito ba, asalinta Turai da Asiya ne, a Birtaniya kuwa tun 1959 akwai dokar ciyayi masu cutarwa da ta ambaci ire-iren nan guda biyu da suna. Abin dariya kuma wannan furen mai ƙaya shi ne tambarin ƙasar Sukotlan, wani na kuka da ita wani na alfahari da ita.

To ya za ka yi? Ka ajiye fartanya tukuna. Dabarar ita ce ka kashe ta da yunwa. Duk abincin da ta tara a saiwa ta hanyar ganye ta same shi, kuma duk lokacin da ka yanke kan sai ta ciro daga ajiyarta ta sake fitar da wani, to idan kana yankewa daidai da ƙasa duk bayan sati ɗaya ko biyu ba ka barin ganyen ya yi girman da zai mayar mata da abin da ta kashe, a hankali rumbun zai ƙare. Ba zan yi maka ƙarya ba, ba aikin wata ɗaya ba ne, yana iya ɗaukar shekara biyu ko fiye, kuma in ka yi sake na wata biyu ka koma baya. Abu ɗaya da ba na so ka taɓa bari shi ne ta yi fure. Irinta yana da gashi kamar auduga iska take ɗauka, kuma yana iya kwanciya a ƙasa shekaru yana jiran dama. In ma ka makara furen ya buɗe to ka yanke ka zuba a leda ka ɗaure, kar ka yar a gefe, don kan da aka yanke yana iya ƙarasa nunar da irinsa a inda yake kwance.

Idan kuma ba ka da wannan haƙurin akwai maganin feshi mai zaɓe, wanda yake kashe ciyawa mai faɗin ganye ya bar siririyar. A jikin kwalba za ka ga 2,4-D ko MCPA ko dikamba, sau da yawa a gauraye, akwai kuma kilofiralid wanda shi ya fi cin tisil. Ka fesa a kan tsiron kawai ba duk filin ba, lokacin da ganyen yake shar yana girma, kar ka aske ciyawar kwana biyu ko uku kafin feshi da kuma bayansa don ganye ne yake shan maganin ya kai shi saiwa. Ka sa rai sai ka maimaita. Sannan in kilofiralid ka yi amfani da shi to askin ciyawar da zai biyo baya kar ka zuba shi cikin takin da kake haɗawa, maganin ba ya ruɓewa da wuri, yana nan a ciki har ya je ya nakasa maka shukar da ka sa wa takin.

TAMBAYA: Malam ni ba na son sinadari ko kaɗan. Na gani a intanet wai gishiri da ruwan khal suna kashe ciyawa, wata kuma ta ce baƙin mai na mota ya fi, wanne zan yi? Daga wata 'yar uwa.

AMSA: 'Yar uwa baƙin mai dai ki cire shi daga lissafi gaba ɗaya, ke da kike gudun sinadari ai babu gubar da ta kai wannan, zai kashe ƙasar ya kuma bi ruwa ya nutsa. Gishiri kuma eh yana kashewa, amma ba ya tambayar wace ciyawa ce taki wace ce baƙuwa, kuma ba ya tashi daga wurin da wuri, za ki zauna da tabo fari fat wanda ko kin sake shuka ba za ta kama ba. Ruwan khal na gida ƙarfinsa wajen kashi 5 cikin 100 ne, yana ƙona ganye ne kawai, ƙananan tsiro da suka fito jiya za su mutu amma mai tsohuwar saiwa bayan sati biyu za ki ga ta dawo tana miki murmushi. Tafasasshen ruwa ma haka, yana da kyau a tsagin siminti ko tsakanin duwatsun da aka jera, amma a tsakiyar fili zai dafa miki ciyawarki ne. Kin ga in da gaske ba kya son magani to hannu ne da wuƙa bayan an yi ruwa, minti goma kullum ya fi wuni guda a wata.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, na ba yaron da yake kula min da fulawa kuɗi ya sayo maganin ciyawa ya fesa, bayan kamar kwana goma filin gaba ɗaya ya koma ruwan ƙasa, da mai kyau da marar kyau duk sun bushe. Shi ya rantse maganin ciyawa ya ce a ba shi. Za ta farfaɗo kuwa ko na yi asara? Daga Alhaji, mai karatunku na kullum.

AMSA: Allah ya mayar da alheri Alhaji. Yaron bai yi ƙarya ba, maganin ciyawa aka ba shi, matsalar ita ce maganin ciyawa kashi biyu ne kuma mai sayarwa ba lallai ya tambayi inda za a fesa ba. Ku sa a kawo muku kwalbar ku duba. Yadda kuka ce sai da aka yi kwana goma kafin ta bushe, alama ce ta gilaifoset, wanda kamfanin Monsanto ya fara sayarwa a 1974 da sunan Roundup, yanzu kuma kamfanoni da yawa suna yin sa da sunaye barkatai. Shi wannan ba ruwansa, duk koren ganyen da ya taɓa zai bi ta ciki har saiwa, kuma a hankali yake aiki shi ya sa mutum ba ya gane ɓarnar sai ta gama faruwa. Shi kuwa 2,4-D da aka fara amfani da shi tun shekarun 1940 wata hanya daban yake bi, yana kwaikwayon sinadarin girma ne na tsiro, sai mai faɗin ganye ta rikice ta yi ta girma ba tsari tana murɗewa har ta mutu, ita kuwa siririyar ciyawa ba ya yi mata haka.

Batun farfaɗowa, ya danganta da irin ciyawar. In kiri-kiri ce, wadda take da jijiyoyi a ƙarƙashin ƙasa, tana da taurin rai sosai, ku ci gaba da ba ta ruwa sati uku zuwa huɗu ku gani, sau da yawa za ta fara leƙowa nan da can. In ba ku ga komai ba to a kwashe busasshen a sake shuka. Labari mai daɗi shi ne gilaifoset yana manne wa ƙasa ne ba ya hana sabuwar shuka fitowa, ba sai kun jira watanni ba. Amma kar ku bar wurin a fili ya daɗe don baƙin ciyawa sun fi ku sauri. Sannan famfon feshin da aka zuba wannan maganin a wanke shi sosai ko ma a ware masa nasa daban, na sha ganin wanda ya sayi maganin da ya dace amma ragowar na baya da ke cikin famfo ya ƙone masa fili.

TAMBAYA: Malam akwai wata siririyar ciyawa mai sheƙi da take fitowa a nawa filin, in an aske yau bayan kwana biyu ta fi sauran tsawo, ina cirewa tana ƙaruwa, na fesa 2,4-D ko gezau. Mece ce wannan? Daga wani ɗan uwa.

AMSA: Ɗan uwa ka tsinko ɗaya ka murza karan tsakanin yatsunka, in ka ji yana da kusurwa uku ba zagayayye ba to aya-aya ce, kuma ina taya ka jaje, don masana ciyayi sun daɗe da sa ta a sahun gaba cikin mafi munin ciyayin duniya, tana addabar manoma a ƙasashe sama da 90. A ido kamar sauran ciyawa take amma danginsu daban, shi ya sa maganin mai faɗin ganye bai cika yi mata wani abin kirki ba. Ƙarfinta yana ƙasa, wasu 'yan ƙwayoyi ne baƙaƙe a jere kamar carbi da siririn zare ya haɗa su, in ka fizgo kan sai zaren ya tsinke ƙwayoyin su zauna, kuma tsinkewar ce take tada waɗanda suke barci, ka cire ɗaya uku su fito. In kaɗan ce a wuri ɗaya ka haƙa da cebur kamar santimita 20 zuwa 25 ka kwashe ƙasar ka tsince ƙwayoyin. In tsiron ƙarami ne bai kai ganye biyar ko shida ba cirewa da hannu tana da amfani don bai fara yin sabbin ƙwayoyi ba tukuna. In ta yi yawa akwai maganin da aka yi don danginta, halosalfuron, shi ma sai an maimaita bayan wasu makonni, kuma ka karanta takardar ka tabbatar irin ciyawarka tana jure shi. Amma fa ka duba wani abu, aya-aya tana son wuri mai damshi, in a kusurwa ɗaya ta fi yawa to ka bincika ko famfo yana yoyo a wurin ko ruwa yana kwanciya, ko kuma kai ne kake cika ban ruwa.

TAMBAYA: Ina da yara ƙanana da mage, tsidau da ƙarangiya sun hana su sakat, amma ina tsoron feshi. Daga Maman Biyu.

AMSA: Tsoronki yana kan hanya Maman Biyu, kuma sa'ar da kika yi ita ce waɗannan biyun ba sa buƙatar feshi dole, don duk shekara daga iri suke fitowa su mutu, ba su da wata ajiya a ƙasa in ban da irin. Ki cire su tun suna ƙanana kafin su yi ƙaya, tsidau ma saiwa ɗaya gare shi a tsakiya, ki ɗaga rassan ki yanke ta ki ɗauke shi gaba ɗaya kamar tabarma. Ƙayoyin da suka riga suka zube kuwa ki samu tsohon bargo ko guntun kafet ki ja shi a kan wurin, za su manne, sai ki naɗe ki zubar. Ki yi haka shekara biyu uku a jere don irin da ke ƙasa ba lokaci ɗaya yake fitowa ba.

In wata rana dole ta sa an yi feshi, a yi shi lokacin da babu iska kuma ba a sa ran ruwan sama a ranar, ba da tsakar rana mai zafi ba, mai feshin ya sa safar hannu da doguwar riga da takalmi rufaffe, a auna daidai yadda aka rubuta don ƙara yawa ba ya ƙara aiki sai ƙona ciyawa, yara da magen kuma su zauna a ciki har ganyen ya bushe ko iya lokacin da takardar ta faɗa. Shi gilaifoset har yanzu ana ja-in-ja a kansa, a 2015 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo kansa, hukumar kare muhalli ta Amurka kuma ta ce ba ta ga haka ba in an bi ƙa'ida. Wanda babu ja-in-ja a kansa shi ne wani maganin ciyawa da ake ce wa farakwat, kurɓi kaɗan yana kisa kuma babu makarinsa, Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, kar ki bari ya shigo miki gida. Kowane magani ne ma dai kar a taɓa juye shi a robar abin sha, a bar shi a kwalbarsa a kulle a sama.

TAMBAYA: Malam ni na gaji. Duk shekara ina cirewa ina fesawa suna dawowa, harƙiya da tuji da wasu ma ban san sunansu ba. Kuma ina ƙoƙari wallahi, ina aske ta ƙasa-ƙasa don ta yi kyau, ina ba ta ruwa safe da yamma. Daga wani magidanci.

AMSA: Malam ka ba ni amsar da bakinka. Abu biyun nan da kake kira ƙoƙari su ne suke buɗe wa baƙin ƙofa. Ita ƙasa kowace iri cike take da irin ciyayi da ke kwance suna jira, yawancinsu kuma, musamman harƙiya, haske suke jira da ɗan damshi a sama-sama. In ciyawarka ta yi kauri ta yi inuwa ba za su samu ba. To kai sai ka zo ka yi mata ƙwal-kwabo rana ta sauka har ƙasa, sannan ka bi da yayyafi safe da yamma wanda ba ya wuce saman ƙasa, ka ga ka haɗa musu duk abin da suke so, ita kuma taka saiwarta ba za ta nutsa ba tunda ruwan a sama yake, rana ɗaya ka yi tafiya sai ta yi yaushi.

Ka ɗaga wuƙar injin sama. Ƙa'idar da masu wannan aiki suke bi ita ce kar ka yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawar a aski ɗaya, in tana santimita 6 ka mayar da ita 4 ba 2 ba, in ka yi tafiya ta yi tsawo sosai ka sauko da ita a hankali cikin aski biyu ko uku. Wuƙar kuma a wasa ta, dakusasshiya yaga ganye take yi ba yanka ba, shi ya sa za ka ga bakin ganyen ya yi fari-fari bayan aski. Ruwa kuwa ka koma sau ɗaya ko biyu a sati amma mai yawa, wajen milimita 25 a sati shi ne ma'aunin da aka saba bayarwa, ƙasa mai yashi ko tsananin zafi sukan buƙaci ƙari, in kana so ka auna ka ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen gefe a filin ka ga lokacin da ruwan zai kai santimita biyu da rabi. Da sassafe ya fi, na dare yana kwana a ganye ya jawo cuta.

Shi tuji kuma ɗan saƙo ne, duk inda ka gan shi ya yi yawa to ƙasar wurin ta daddale, galibi hanyar da ake takawa kullum ko inda ake ajiye mota. Ka samu cebur mai yatsu ka bi wurin kana soka shi kamar santimita 10 kana ɗan girgizawa don iska da ruwa su samu hanya, ka watsa ruɓaɓɓen taki marar yawa a kai, in kuma hanya ce da ba za a daina bi ba gara ka jera duwatsu ka huta. Harƙiya da tuji dangin ciyawarka ne don haka 2,4-D ba zai taɓa su ba, kar ka ɓata kuɗinka. Akwai maganin da ake sawa kafin iri ya tsiro, irin su fendimetalin, yana aiki a kansu in an sa shi kafin lokacin fitowarsu, amma zai hana irin ciyawarka ma tsirowa, don haka ba a haɗa shi da sabuwar shuka.

Sannan duk ramin da ka bari bayan ka cire wata ciyawa, ko girman tafin hannu ne, a ranar ka cike shi da ƙasa ka watsa iri ko ka yanko ɗan reshe daga inda ta yi kauri ka dasa, ka danna da ƙafa, shi wannan ɗan wurin ne kaɗai za ka riƙa jiƙawa kullum har ya kama, wajen sati biyu zuwa uku. Sabuwar shukar kuma kar a fesa mata komai sai an aske ta aƙalla sau uku.